Kunyar da Ta Kusa Raba Ni da Ɗan Farina

Da sunan Allah, mai ba bawa numfashi tun bai san ya roƙa ba. Na daɗe ina son rubuta wannan labari, kuma abin da ya hana ni shi ne dai abin da ya jawo ciwon tun farko, wato kunya. Yanzu yaron yana lakol, wato makaranta, yana cin tuwo kamar manomi, ga ƙannena mata sun fara haihuwa. Sai na ga gara in faɗa a yi mini dariya da in yi shiru wata ta maimaita wautata.

Sunana Barira. Ni 'yar wani ƙauye ce kusa da Gidan Sori, aka kai ni aure wani gari a kan hanyar Gidan Rumji, gidan su Lawali mai sayen wake yana kai wa kasuwanni. A gidanmu an san mu da kunya. In ana neman misalin yarinya mai kawaici a unguwarmu ni ake nunawa, ni kuwa abin yana yi mini daɗi har cikin rai. Da na haifi ɗan fari sai na ɗaura ɗamarar nuna gwaninta. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, kakarsa ce mai shi. Ga shi kuma an sa masa sunan marigayi mahaifin Lawali, Isuhu, kunya ta zama biyu. Surukata, wadda muke kira Iya, tana ce masa Maigidana. Ni kuwa "yaron nan" nake cewa, shi ma sai ya zama dole.

A gidanmu na haihu, kamar yadda ake yi a cikin fari. A ƙaramar likitar yankinmu, wato ɗan asibitinmu, aka yi masa allura guda a hannu, aka ɗiga masa magani a baki, aka ba mu karne, katin da ake rubuta rigakafin yaro, da ranar da za a komo in ya cika sati shida. Na yi lakol har aji shida, na karanta ranar sarai. Kwana biyu ce bayan arba'in.

Ranar arba'in kuwa aka loda ni a amalanke da gara, aka mai da ni ɗakina. Innata ta naɗe karnen a leda ta sa shi a ƙasan babbar kwalla, ƙarƙashin daddawa da barkono, don kada ya ɓata. A ranta, tunda garin mijina ya fi kusa da likita, su za su ci gaba. Da muka isa Iya ta karɓi jikanta ta juya shi, ta ga tabon allura a hannunsa, ta ce wa matan da suka rako ni, "Madalla, su Inna sun gama mishi komi. Allah shi saka musu." Ina zaune a nan, kaina a ƙasa. Na san ba a gama ba, ko farawa sosai ba a yi ba. Maganar ta zo mini har wuya, na haɗiye ta.

Sau ɗaya na gaya wa Lawali a ɗaki. Ya ce, "To ki gaya ma Iya mana." Na ce, "Kai ka gaya mata, ai uwarka ce." Shi ma fa ɗan farinsa ne, ko ɗaukarsa ba ya yi in Iya tana tsakar gida. Haka muka yi ta tura wa juna har wata ya wuce, wani ya bi shi. Da masu bi gida-gida suka zo suka ɗiga masa magani a baki, suka shafa masa tawada a ɗan yatsa, sai na ce wa zuciyata to ai ga shi an yi. Na san ƙarya nake yi wa kaina, amma ƙaryar ta ba ni barci.

Yana da wata takwas ciwon ya zo, bayan an gama ɗaurin hatsi, sanyi ya fara shigowa. Da mura ya fara, sai tari, sai jiki ya yi zafi. Iya ta ce haƙori ne, ta shafe masa ƙirji da man shanu da tafarnuwa. Maƙwabciyarmu ta ce a turara masa hayaƙi. Lawali ya sayo wani maganin tari mai zaƙi a wurin mai tebur, sannan ya tafi Gazawa da buhunan wake, ya ce kwana huɗu zai yi. Kowa ya faɗi nasa, ban da ni.

A rana ta huɗu ina ba shi nono a ɗaki na ɗaga rigarsa. Abin da na gani ban taɓa ganin irinsa ba. Duk lokacin da ya ja numfashi, ƙasan haƙarƙarinsa sai ya lotsa ciki, hancinsa yana buɗewa yana rufewa. Ya kama nono, ya ja sau biyu, ya saki don ya samu iska. Wannan wurin nake so mata su karanta da kyau. Kwana biyu cur ina ganin wannan abu. In na shiga ɗaki in rungume shi in yi kuka, in na fito in ɗauki taɓarya in yi daka kamar ba komai. Ina jira wani ya gani ya faɗa, don kada a ce Barira ta nuna son ɗanta.

A rana ta shida da hantsi Iya tana zaune da shi a tabarma a rana. An aika a kira wanzami ya yi masa 'yan tsaga a haƙarƙari a fitar da mugun jini, har ya iso yana buɗe zabirarsa. Ina bakin turmi na ji wani ƙaramin nishi yana fita daga yaron a kowane numfashi. Na waiga, na ga leɓensa ya yi duhu. Ban san lokacin da na saki taɓarya ba. Na je na ɗauke shi daga cinyar Iya, a gaban wanzami da matan maƙwabta, na ce, "Iya, Isuhu ba shi numfashi daidai. Likita za ni kai shi yanzu."

Na kira sunan, na fizge ɗa daga hannun kakarsa, na kuma yanke magana, laifi uku a numfashi guda. Wata mata ta kama baki. Iya ta dube ni, ta daɗe tana dubana, ina jiran ta wanke ni tas. Sai ta ce, "Ɗauko zanen goyo, mu tahi." Ita da kanta ta fita ƙofar gida ta tsai da ɗan kabu-kabu mai babur.

A ƙaramar likita, majo, babban ma'aikacin wurin, bai ɓata lokaci ba. Ya ɗaga rigar, ya zuba wa agogonsa ido yana ƙidaya numfashin, ya maƙala masa wani ɗan abu a yatsan ƙafa, sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Ina karne?" Iya ta nuna masa tabon hannu ta ce an gama komai tun a gidan iyayena. Ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, wagga ta ranar haihuwa ce. Ta cinya nake tambaya." Ya yi masa allura guda, ya rubuta takarda, ya ce mu wuce babban asibiti, kada mu tsaya ko shan ruwa. Motar ɗaukar marasa lafiya ta fita da wata mai naƙuda, sai motar kasuwa muka shiga, tsakanin buhunan gero da kajin mutane.

Layin da muka tarar a babban asibiti ya kashe mini jiki. Mata ne cike da rumfa, kowace da nata a baya, na ce kafin a zo kanmu yaron nan ya tafi. Ashe akwai mai bin layi. Wata dattijuwar ma'aikaciya ce mai tabarau, Madam Habsu, tana tafe tana ɗaga rigunan yara ɗaya bayan ɗaya, ba ta ko gaisawa. Da ta zo kanmu ta ɗaga rigar Isuhu, ta kama hannuna ta ja ni muka wuce kowa. Har yau in na tuna idon matar nan sai tsigar jikina ta tashi. A cikin yara masu yawa haka, kallo ɗaya ta yi ta gane wanda ba zai iya jira ba.

Aka kwantar da shi, aka sa masa siririn tiyo a hanci, aka haɗa da wani inji mai kamar ƙaramin akwati, yana gurnani, ruwa yana ɓulɓula a 'yar kwalba. Na tambayi Madam abin da ke ciki. Ta ce, "Ba komi ciki. Iskar ɗakin ga yake ja, shi tankaɗe ta kamar gari, shi ba yaro mai kyan." Na zauna ina kallo baki buɗe. Iskar da nake shaƙa tun ranar da aka haife ni ban taɓa ce mata na gode ba, ashe har tsaba da dusa gare ta. Kafin la'asar leɓen Isuhu ya fara komawa kalarsa. Likita ya zo ya saurari bayansa ya ce, "Pinemoni ce, mai tsanani." Kalmar ta zauna mini a kai, har yau ba ta fita ba. Madam ta ce da Hausa ciwon haƙarƙari ke nan, huhu ne ya cika da ruwan ciwo.

Satin da ya biyo baya shi ne mafi tsawo a rayuwata. Godiya ina da ita, ƙorafi ma ina da shi. An ce maganin yara kyauta ne, kuma wasu an ba mu, amma wasu sai a ce sun ƙare, a miƙo takarda a ce a je kanti a sayo. Lawali ya baro Gazawa a gigice, ya sayar da waken da ya ajiye yana jiran ya yi tsada, Iya ta sa aka kai akuyarta kasuwa. Masu jinya a gindin bishiya suke kwana, ruwan famfo sai an yi layi. Innata ta zo da rubutu a gora. Wata 'yar uwar Lawali ta bugo waya ta ce mu cire tiyon nan, wai duk wanda aka sa wa ba ya tashi. Iya ta karɓi wayar ta ce, "Ke kin gan shi kahin a sa mishi? To rihe muna baki." Ban taɓa son Iya kamar ranar ba.

Zazzaɓin ya ƙi sauka. A rana ta uku aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka sauya masa allura. A ranar ce kuma da azahar wuta ta ɗauke, injin ya yi shiru. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a tada injin wutar asibiti ba, wataƙila bai kai a dafa shayi ba. Amma na ga haƙarƙarin ya koma lotsawa, na ga idonsa yana nemana, ni kuwa ba abin da zan iya ba shi. Na durƙusa a bakin gadon ina kiran sunansa da ƙarfi, ban damu da wanda ke ji ba. Da injin ya koma gurnani, wata mata da ke ɗaya gefen ɗakin ta fashe da kuka, alhali ba ɗanta ba ne.

Washegari Lawali ya kawo karnen. Sai da na kwatanta masa kwallar, ya zazzage daddawa ya ciro shi. Madam Habsu ta buɗe, warin daddawa ya cika wurin, ta ce, "Wanga karne dai an yi miya da shi." Na yi dariya, hawaye na zuba. Ta nuna mini layi guda, gida uku a jere, duka fari fat. Ta ce nan ne allurar cinya ta wannan ciwon, sati shida, sati goma, sati goma sha huɗu. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a kan gadon da ke kusa da namu, wanda ba kowa a kai tun zuwanmu, ta cire tabarau tana gogewa.

Ta ce, "Ɗiyata, kin ga ɗakin ga? Sadda na soma aiki, in sanyi ya shigo, biyu-biyu muke kwantar da masu ciwon ga, wasu ƙasa bisa tabarma. Tiyo guda, yara da yawa. Mu cire ma wanga mu sa ma wancan, muna duban wanda za mu bari. Akwai uwayen da har yau nake ganin huskarsu. Tun da anka soma allurar ga, shekara bisa shekara, sai munka ga gado shina samuwa. Ba ta hana kowane tari ba, kada ki ce na ce. Har masu cikakken karne suna zuwa. Amma irin mai tsananin ga ya ragu, ni da idona na gani."

Da ta tashi na daɗe ina kallon gadon nan. Katifa ce kawai mai leda, ba zane a kai. Sai na fara tunanin yaron da a dā shi ne zai kwanta a wurin. Yana can wani ƙauye yana rarrafe yana cin ƙasa, uwarsa tana masa tsawa, ba ta ma san an tsallake da ita ba. Ba za ta taɓa sanin sunan ciwon ba, ba za ta sayar da akuya ba. Ta dai je rumfar likita sau uku, ta riƙe cinyarsa, ya yi ihu, ta koma gida ta ɗora tukunya. Sannan wani tunani ya zo mini wanda ya sa na rufe fuska. Isuhu ya samu inji shi kaɗai, ba a cire masa an sa wa wani ba, saboda waɗancan matan sun kai nasu 'ya'yan. Ni da ban kai nawa ba, allurar 'ya'yan mutane ce ta bar masa wuri. Ikon Allah ya wuce tunanina, kuma na ji kunya ta gaske, wadda ba ta yi kama da wadda nake taƙama da ita ba.

A rana ta shida zazzaɓin ya sauka. A ta takwas Madam ta ce za a gwada shi ba tiyo. Ta zare shi a hankali, ta bar ɗan abin nan a yatsan ƙafarsa, ta ce in zuba ido. Ni da Iya muka sa shi tsakiya. Ƙirjin ya tashi, ya sauka, ya tashi, ya sauka, ba lotsawa. Ban taɓa sanin numfashi abin kallo ba ne sai ranar. Na ba shi nono ya kama, ya yi ta ja bai saki ba, har gumi ya tsatso masa a goshi, ya yi barci da shi a baki. Lawali yana tsaye a bakin ƙofa. Ya shigo ya ɗauki ɗansa a gaban uwarsa, ya juya mana baya, kafaɗunsa suna rawa.

Kwana goma sha biyu muka yi aka sallame mu. Ya rame, wuyansa kamar zai karye, tarin ma bai bar shi ba sai bayan sati biyu. Madam ta rubuta a karnen cewa in ya warware a kai shi a cike masa abin da ya rasa, ta ce lokaci bai wuce ba. Allah ya saka wa matar nan, da majo, da wanda ya ƙera injin nan ko a wace ƙasa yake. Masu barin magani ya ƙare kuma, Allah ya shirye su.

A gari kuwa magana ta riga mu isa. Wasu sun ce lakol ce ta ɓata ni, wasu sun ce 'yan Gidan Sori dama kunyarsu ta baki ce. Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Abin da ya fi damuna shi ne Iya. Ta yi jinya da ni, ta sayar da akuyarta, amma ba ta taɓa tada maganar ranar da na fizge yaron daga hannunta ba. Ban san ko ta yafe ba ko ajiyewa ta yi.

Ranar allura na goya shi da kaina. Ina fitowa na ga Iya ta yafa mayafi, ta ce tare za mu. Muka zauna a benci a rumfar likita, mata cike, jarirai suna ta tsala ihu ɗaya bayan ɗaya. Can, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Barira, kin san Lawali ba shi ne na fari ba?"

Na ce ban sani ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini, shi kansa Lawali bai taɓa faɗa ba.

Ta ce, "Akwai wansa. Wata bakwai gare shi. Irin wanga ciwo ne, haƙarƙari shina shiga shina hita. Lokacin ba allura, amma akwai likita, tahiyar hantsi ce da jaki. Kwana ukku ina gani, ina jiran uwar mijina ta gani. Ran na huɗu ina surhe anka zo anka ce in aje taɓarya." Ta gyara bakin mayafinta. "Ban yi kuka ba gaban kowa. Da anka ɗauke shi ma ban hito ba. Garin ga duka anka yi ta yabona, wai ba a taɓa ganin mai kunya irina ba. Har yau tsohhin garin ga suna hwaɗi."

Na kama hannunta, ta bar mini shi.

Sai majo ya leƙo da karne a hannu ya ce, "Ina uwar Isuhu?" Da can Iya ce za ta miƙe, ni in kau da kai. Na dube ta. Ta zare hannunta daga nawa ta tura ni da shi, ta ce, "Tashi, ke aka kira. Ki riƙe shi da kyau, in ya yi kuka ki lallashe shi, kowa shi gani."